Mayen Ƙarfe

Tun kuna ƙanana na lura duk lokacin da muka je Matameye muka dawo, akwai tambayar da takan tsaya muku a maƙogwaro. Kun ga yadda tsofaffin unguwarmu suke tarbarku da fara'a, su shafa muku kai, su ce kun yi kama da wane, amma da an ambaci sunan kakarku Habsu sai kowa ya tuna da wani aiki da ya baro. Na san a cikinku akwai wanda ya ji kalmar da kunnensa a bakin yaran unguwa, ya haɗiye, bai gaya mini ba saboda kunya. To ga shi na ajiye aiki, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma sun kusa ƙarewa, don haka gara ku ji daga bakina. An ce Inna, mahaifiyata, mayya ce. Ita da kanta ta faɗa a gaban jama'a, kuma ƙarya ta yi.

Dole in fara da aikina, domin daga can maganar ta taso. A lokacin ina Faransa ina karatun digirin ƙarshe a wani ɗakin bincike. Abin da muke yi ba shi da wuyar faɗa in mutum ba burga yake so ba. Muna da wata na'ura kamar ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai murfi. A zuƙe iskar cikinta tas, a ajiye ɗan faifai mai santsi, sannan a riƙa yayyafa masa ƙarfe a hankali har ya yi shimfiɗa, siririyar da gashin kanka ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Nawa aikin shimfiɗa biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. Ta ƙasa tsatsa ce, tsatsar wani ƙarfe da ake kira nikel, wadda muke haɗawa da gangan. Ta sama kuwa ƙarfe ne mai maganaɗisu. Ita tsatsar nan in ka kawo allura kusa da ita, allurar ko motsi ba za ta yi ba, ba ta jan komai. Amma in aka ɗumama su tare, aka bar su suka sha iska a gaban babban maganaɗisu, sai ta ƙasan ta riƙe ta saman ta hana ta juyawa. Ka ja ta gabas, ka ja ta yamma, da ka saki sai ta koma inda tsatsar ta ajiye ta. Tambayar da aka ba ni ita ce, ta yaya abin da ba ya jan komai a waje yake riƙe maƙwabcinsa haka, kuma wane kauri ne in bai kai shi ba riƙon ba zai yiwu ba. Masu ƙera ordinater, wato kwamfuta, suna jiran amsar, domin da irin waɗannan shimfiɗu ake yin ɗan kan da ke karanta abin da aka adana a faifai: ɗaya a riƙe, ɗaya a sake tana juyawa, wutar lantarkin da ke ratsa su ita ke jin bambancin. Daga baya fannin ya yi suna, ana ce masa spintronik, manya suka karɓi kyaututtuka a kansa. A zamaninmu dai, mu masu shafa tsatsa ne kawai.

Hausa tana da kalmomi biyu na wannan abu mai jan ƙarfe. Akwai maganaɗisu, kalmar littafi da rediyo. Akwai kuma wadda yara da masu gyaran rediyo suka sani, wato mayen ƙarfe. Ni kaina da ita na girma, muna ciro shi daga matacciyar rediyo muna jan ƙusoshi a cikin rairayi, ba wanda ya taɓa jin komai a kalmar.

Sojoji sun sake karɓar mulki ina can, bursun da gwamnati ke turo mana, wato kuɗin karatu, ya tsaya, na daɗe ban leƙo gida ba. Da ƙyar na samu na taho a hutun tsakiyar damina. Tun daga hanyar Damagaram na gane halin da ake ciki. Ruwa ya sauka da wuri, an yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Ganye duk ya nannaɗe. Bara ma ba a samu abin kirki ba, rumbuna babu komai sai ɓeraye. Mazan garinmu da suka saba jiran kaka kafin su tafi ci-rani Kano da Legas, a bana tsakiyar damina suka ajiye hauya suka tafi, abin da a da abin kunya ne. A tsakar gidaje mata suna jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, suna canza mata ruwa don ɗacin ya fita. A rediyo kuwa ba a cewa yunwa. Ƙarancin cimaka ake cewa, kowa kuma ya koyi cewa haka in akwai mai kaki a kusa.

A gida na tarar da Inna da yayana Lawali da matarsa da 'ya'yansa mata, da autarmu Rakiya wadda ba ta yi aure ba tukuna. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Inna ita ce ungozomar unguwa, kuma ban san gidan da hannunta bai shiga ba. Rabin samarin da ke gaishe ni a hanya ita ta yanke musu cibi. Ba ta da yawan magana, ba ta da dariya mai ƙarfi, amma mace mai naƙuda in ta ji takun Inna a zaure sai hankalinta ya kwanta. Yaya Lawali kuwa akasinta ne. Shayi yake sayarwa a Kano, kuma bakinsa ya fi tukunyar shayinsa zafi. Ya fasa tafiya ne don ya ji zan zo, yana so ya nuna ni. Inna ba ta kiran sunansa, kasancewarsa ɗan fari, Babba take ce masa.

Da la'asar maƙwabta suka taru a ƙofar gida yi mini barka da zuwa. Wani dattijo ya tambaya wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa, sa'o'ina duk sun zama mushe a lakwal, wato malaman makarantar boko, har sun tara iyali. Kafin in buɗe baki Yaya ya riga ni.

"Ai Salisu ya wuce nan, Baba. Karatun mayen ƙarfe yake yi. Nasara da kansu sun sallama mishi."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na shiga ɗaki na ɗauko wani ɗan akwati da na taho da shi don in nuna wa Inna abin da ya riƙe ni shekara da shekaru. Gutsattsarin faifan da muka gama aunawa ne, kowane bai fi farce ba, baƙaƙe masu ƙyalli kamar madubi. Su kansu ba sa iya ɗaga ko allura, don haka na haɗo da wani ɗan maganaɗisu mai ƙarfi. Na ɗora allura a kan faifan kaba, na riƙa zagayawa da maganaɗisun ta ƙasa, allurar tana juyawa ba wanda ya taɓa ta. Yara suka matso. A cikinsu akwai Balki, 'yar Zuwaira, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu, yarinya mai kamar shekara shida, mai idanu manya. Ta roƙa in ba ta guntu ɗaya ta riƙe. Na ɗora mata a tafin hannu.

"Sanyi gare shi," in ji ta, "kamar ƙanƙara."

Ni kuma daɗin samun masu sauraro a harshena ya kwashe ni, na shiga bayani. Ban taɓa faɗin aikina da Hausa ba sai ranar, kalmomin da suka zo mini su na yi amfani da su.

"Biyu ne a manne. Na ƙasan in ka gan shi ba ka cewa yana da komai, lafiya lau. Amma shi ke kama na saman. In ya kama shi kuwa, duk yadda ka ja, ba ya saki, sai an gasa shi da wuta."

Na lura dattijon nan ya daina dariya, ya janye ƙafarsa daga kan tabarma. Na ɗauka lokacin salla ne ya yi.

Ku da kuka tashi a Yamai, sai na bayyana muku abin da kowa a wurin ya sani tun yana goye. A wajen mutanenmu, maye mutum ne kamar kowa, ba a ganin komai a jikinsa, amma yana da ƙanƙara a cikinsa, wasu 'yan duwatsu masu ƙyalli. Da su yake kama kurwar mutum, wanda aka kama ya kwanta ciwo, in ba a sake shi ba ya mutu. An ce a nonon uwa ake shan maita, don haka in aka ce wane maye ne, to an ce uwarsa mayya ce, da duk wanda ya sha nonon nan, da 'ya'yan matan cikinsu har abada. Ba a aure a irin wannan gida, ba a cin abincinsu. An kuma ce akwai wanda ba gado ya yi ba, daga baya ya samu ƙanƙarar ya haɗiye. Magani ɗaya ne, mara lafiya ya kira sunan wanda ya kama shi, a sa shi ya tsallaka shi. Ban yarda da ko ɗaya daga cikin wannan ba, a lokacin ma ban yarda ba. Amma a shekarar ana binne yara kusan kullum, ba a kuma yarda a kira sunan abin da ke kashe su ba, sai mutane suka nemi sunan da za su iya kira.

Kalmar Yaya ta zaga gari, a hanya wutsiyarta ta guntule. Karatun mayen ƙarfe ya koma karatun maye. Inna ce ta fara ganewa. Matan da ke aiko yara ɗiban wuta suka daina. In na fito, sai in ji ana kiran yara ciki. Yaya yana ta fushi yana cewa hassada ce, ni kuma ina cewa shirme ne, zai wuce. Inna kuwa cewa ta yi in mayar da akwatin nan ƙasan jaka.

Ana haka Balki ta kwanta. Zazzaɓi ya rufe ta, ta fara fizge-fizge, idanunta suna kafewa. A cikin zafin ciwo aka ji tana cewa allura tana juyawa, Salisu ya sa mata ƙanƙara a hannu. Yarinya ta ga abin mamaki sau ɗaya a rayuwarta, shi ya dawo mata a mafarki, ba wani abu ba. Mijin Zuwaira yana Legas. Da hantsi sai ga ta ta shigo gidanmu da yarinyar a kafaɗa, mata da maza na biye da ita har zaure ya cika, wasu suna leƙe ta kan katanga. Na zaci da zagi za ta zo. Da ta zo da zagi da abin ya fi mini sauƙi. Shimfiɗa yarinyar ta yi a tsakar gida, ta durƙusa a gabana.

"Malam Salisu, ban zo da faɗa ba. Don girman Allah ka tsallaka mini ita. Ita kaɗai ta rage mini. Na yafe, wallahi na yafe, ka dai sake ta."

Na ce mata ta tashi. Na ce wannan zazzaɓin cizon sauro ne da ya hau kai, a kai ta dispansar yanzu, ni zan ɗauke ta da hannuna. Ta girgiza kai tana kuka.

"Wanda aka kama, allurar likita ƙarasa shi take. Kowa ya sani. Ba zan kai ta ba sai an sake ta."

Yaya ya fito daga ɗaki yana huci, yana saka riga.

"Ni zan je wajen jandarma. Wallahi sai an kwashe ku gaba ɗaya. Ƙanena ne maye? A gidan ubanmu?"

Ba barazanar banza ba ce. A wannan zamanin da ya je, da kafin azahar an jera mutanen nan a rana, a yi musu dukan da ba za su manta ba, Zuwaira a gaba. Wasu na bakin zaure har sun fara zamewa. Ni kuwa ina tsaye ina lissafi, abin da aka koya mini ke nan. In na tsallaka, na amsa, na kuma amsa wa Inna da Yaya da Rakiya. In na ƙi, yarinyar ba za ta ga likita ba, za ta mutu a tsakar gidanmu, a ce na cinye ta. In aka kira jandarma, yarinyar za ta mutu ana dukan uwarta. Duk inda na juya lissafin bai fita ba. Na ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ban taɓa ji ba.

Inna tana zaune bakin ɗakinta tun da aka shigo. Sai ta miƙe.

"Babba, cire rigar nan ka zauna. Ba mai zuwa ko'ina."

Ta zo ta tsuguna, ta taɓa wuyan Balki, ta buɗe fatar idonta ta duba, kamar yadda take yi wa jarirai. Ta dubi Zuwaira.

"Ke, wa ya karɓi haihuwarki?"

"Ke ce, Inna."

"Wannan fa?"

"Ke ce."

"To in aka tsallaka ta, za ki kai ta dispansar wajen majo yanzu-yanzu, ba gardama? Ki rantse."

Zuwaira ta rantse. Inna ta miƙe tsaye ta juya wajen jama'a. Ba ta ɗaga murya ba, amma har na kan katanga sun ji.

"Ku bar yaron nan, bai san komai ba. Ƙanƙarar tawa ce. Ya gan ta ya ɗauka yana wasa da ita, shi a zatonshi kayan Nasara ne. Kuma ku ji da kyau, ku gaya wa wanda bai zo ba. Ba gado na yi ba. Bayan na yaye Rakiya na same ta. Ba ɗa ko ɗaya da ya sha ta a nonona."

Na buɗe baki zan yi magana. Ta dube ni, irin duban da take yi mini ina yaro in na sa hannu a kwanon baƙo, na rufe. Mutum ya kusa zama dakta a kan abu, uwarsa ta shaida a gaban unguwa cewa bai san ko mene ne ba. A al'ada sai wanda ake zargi ya tuɓe kafin ya tsallaka. Inna ta cire mayafi, ta cire kallabi, wani dattijo ya ce ya isa. Ranar na fara ganin furfurar uwata a fili. Ta tattare zane ta tsallaka yarinyar, ta dawo ta sake tsallakawa, har aka ce ya yi. Ta sa Rakiya ta ɗauko akwatin, ta karɓa, ta shiga bayan gida ta juye shi a masai kowa yana ji. Da ta fito sai ta ce wa Zuwaira, "Ɗauki 'yarki. Kin rantse."

Zuwaira ta goya ta, ni ina biye da su daga nesa. Majo, babban ma'aikacin dispansar, ya ce zazzaɓin ya hau kai, ga kuma ƙarancin jini, da an ƙara jinkiri da ba wannan maganar ake yi ba. Aka ɗaura mata ƙarin ruwa da magani. Na zauna a gindin bishiyar ƙofar dispansar ina roƙon Allah ya tashi kafaɗarta, alhali na san sarai abin da tashinta zai jawo. Da ta mutu, da wataƙila wasu sun ce ashe ba Habsu ba ce. Ta warke. Ba a daɗe ba aka gan ta tana wasa a ƙofar gida, duk unguwa kuma ta samu hujjar da take nema: an tsallaka, an saki. Ba wanda ya ambaci majo.

Daga ranar ba a sake kiran Inna haihuwa ba. Ba a kore ta ba, ba a zage ta ba, har gaishe ta ake yi da ladabi fiye da da, irin ladabin da ake yi wa abin tsoro. Malam Ilu, limamin unguwa, ya zo har gida. Abokin mahaifinmu ne, kuma ya yi huɗuba a kan zargin maita, ba wanda ya saurare shi.

"Habsu, kin yi wa kanki ƙarya a gaban Musulmi. Ki fito ki janye, ni zan tsaya miki."

"Malam, in na janye, wa za a mayar wa?"

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya tashi ya tafi. Ni ma na yi nawa ƙoƙarin. Na ce ta tattara in kai ta Damagaram wajen ƙanwarta, inda ba wanda ya san zancen. Na ce in ba haka ba zan bar karatun in zauna, in bi gida-gida in yi bayani. Tana tsince tsakuwa daga ɗan geron da ya rage, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Bayaninka ai mun ji shi. In na bar garin nan, za su ce na gudu, maganar ta tashi tana neman inda za ta sauka. Rakiya na nan, 'ya'yan Babba na nan. Muddin suna ganina a ƙofar ɗakina, sun san inda take. Kai kuma ka koma ka ƙarasa abin da ka fara. Ban zubar da mutuncina don ka zo ka zauna kana kallona ba."

Na koma. Na ji haushin garinmu, na daɗe ina ji, na ji haushin Yaya da bakinsa, sannan na bari, domin ba wanda ya yi abin da mugunta. Na shiga labo, ɗakin bincikenmu, na ci gaba da shafa tsatsa, ina rage kaurinta kaɗan-kaɗan ina aunawa. Amsar da na samu ba ta girgiza duniya ba. In tsatsar ta yi siriri da yawa, ba ta iya riƙe komai, ta saman ce ma ke jan ta su juya tare. Sai ta kai wani kauri sannan take tsayawa da ƙafarta. Na rubuta, aka buga, wasu 'yan tsiraru suka karanta, aka ba ni digiri. Na dawo Yamai na koyar da ilimin lantarki da maganaɗisu har na ajiye alli, ba tare da na sake ganin irin na'urar nan ba. A aji ban taɓa amfani da ɗaya kalmar ba, ko da ɗalibai sun faɗe ta.

Ƙaryar Inna kuwa ta yi aikinta. Rakiya ta yi aure a Kance. 'Ya'yan Yaya duk sun yi aure a cikin gari. Lokacin da na nemi mahaifiyarku, danginta sun aika Matameye bincike kamar yadda ake yi, aka ce musu uwar ce, daga baya ta samu, 'ya'yan ba su sha ba. Suka yi shawara suka ba ni. Da an ce musu wani abu daban, da ba ku zo duniya ba, ko kuwa da wasu ne suka zo a madadinku. Kun sha tambaya me ya sa Inna ba ta zo haihuwar ko ɗayanku ba, sai bayan suna, kuma ba ta taɓa ba ku abinci da hannunta ba. Ba ƙi ba ne. Tana tsoron kada ɗayanku ya yi ko mura a ce ita ce, maganar ta shigo gidana.

Shekaru suka tafi. Wani hutu na je gida ni kaɗai, Inna ta tsufa sosai, ba ta fita ko ƙofar gida. Balki ta girma ta yi aure a Kurni, an kawo ta gidan uwarta haihuwar fari kamar yadda aka saba. Tun safe muka fara jin nishinta ta bayan katanga. An kira wata yarinya da ta yi kwas a dispansar. Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a jikin katangar, ta ce a nan inuwa ta fi, alhali rana ce ke dukan wurin. Ta sa jikarta ta ɗora babbar tukunya ta cika ta da ruwa. Ta wanke hannuwanta har gwiwar hannu, ta ɗora su a kan cinyarta ta zauna. Ina gefe ina jin ta tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ba yanzu ba. Kada su ce ta yi nishi yanzu, za ta gaji. Su ɗaga ta ta durƙusa."

Can aka ji muryoyin matan sun rikice, Zuwaira tana salati. Inna ta kafa kunne, yatsunta suna motsi a kan zane.

"Cibiya ce a wuya. Ta sa yatsa ta zare ta ta kai. A hankali."

Na ce, "Inna, in leƙa in gaya musu?"

"Zauna."

Na zauna. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Sai muka ji kukan jariri, siriri da farko, sannan ya buɗe, guɗa ta biyo baya. Inna ta saki numfashi, ta yi hamdala, ta ci gaba da zama tana kallon ƙofar zaure. Muka ji ana kiran a kawo ruwan zafi, muka ji an aika wani gida can gaba. Ba wanda ya shigo. Da inuwa ta kai katangar sai ta goge hannuwanta da gefen zane, ta ce in sauke tukunyar, in bar ruwan ya huce kafin in zubar, kada ya ƙona mata zogale.